Mai kawo kava ƙofar kotu

Har yau ina ganinsa a ƙofar kotun Bundaberg ta Ostiraliya, ranar da mu 'yan Fiji masu tsinkar tumatir muka kai ƙarar mai gona kan ladan wata huɗu da na aikin bayan tashi. Bature ne jajir, tumbi kamar randa, ɗan aiken mai gonar. Ga saiwar kava a leda, wadda a Fiji ake kai wa manya in za a nemi afuwa, wai ban haƙuri, mu janye. Dattawa na zaune a ƙasa, shi yana tsaye a kansu, hula a ka, yana miƙowa da hannu ɗaya! Wannan ko gidan surukai haka yake shiga.

"Ai al'adarku ce, baba," in ji shi.

Tsoho Sakiusa ya ce, "Riƙe abinka, ɗana. Yau taku al'adar muka zo yi."