Hoton Muƙamuƙina a Shagon Tela

Ina shekara sha tara kumburin ya fito min a muƙamuƙin hagu. Ba ciwo, sai girma a hankali. A Anguwan Rogo kowa ya ce hangum ne, har aka gaji da faɗa.

Da aka yi min hoton ƙashi a asibiti, wallahi har daɗi na ji. In ka ɗaga shi a taga, sai ka ga cikin ƙashin kamar kumfar sabulu, haƙora biyu sun karkace. Na dinga zuwa kafe ina neman irinsa a intanet, ina kwafewa a littafi. Farin ƙashi ne, baƙin kuma inda abin ya cinye! To wa zan gaya wa? Mama cewa ta yi, "Ɗauke min ƙoƙon kan nan daga gabana." Abokaina kuwa suka koma zama ta hannun damana, don kada su ga kumburin.

Bayan wata takwas aka sake hoto. Likita ya ce in kawo na farkon ya gwada su. In abin bai ƙaru sosai ba, kankarewa za a yi. In ya ƙaru, sai an yanke ƙashin.

Na ɗaga katifa inda nake ajiye shi, babu. Ashe Mama ta ba ƙaninta tela. Telolin layinmu da tsohon hoton asibiti suke yanka ma'aunin wuyan riga, don ba ya yagewa kamar kwali.

"Kawu, ina hotona?"

"A'a, oga likita! Ba an yi maka sabo ba? Tsohon kuma me zai yi maka?"

Ya zaro shi daga aljihun keken ɗinki. An yanke shi siffar wuyan kaftani, duk alli ya ɓata shi. Da na yi bayani sai ya nuna min buhun ƙyallaye. Na zazzage shi a bayan shago ni kaɗai har la'asar. Guntu uku na samu, na liƙa da salatif.

Likita ya ɗora shi a allon fitila, ya daɗe yana kallo.

"Wa ya haɗa wannan?"

"Ni ne."

"Ka haɗa daidai. Amma gefen da nake nema shi ne babu. Ba zan yi aiki da hasashe a fuskarka ba, gara mu cire ƙashin."

Ya miƙo takardar amincewa, ya leƙa bayana.

"Wa ya rako ka?"

Na ce ya ara min biro.