Ƙwaryar da Ba a Tambayar Mai Ita

Na ga injin niƙa a Maraɗi, na gan shi a Kumasi, har a Sudan na ci tuwon garin inji. Ko'ina mace takan tsaya a kan hatsinta har a gama, wani wurin ma da cacar baki. A ƙauyenmu, tsakanin Zurmi da Dauran, ba a tsayawa. Mace ta ajiye ƙwaryarta a layi, ta rufe da faifai, ta tafi sabgarta. Mai inji ya niƙa, ya mayar inda ya ɗauka. Ba ya tambayar ta wa ce. Tambayar ma abin kunya ce, kamar leƙa tukunyar mutum.

Injin na ƙungiyar matan da aka kashe wa maza ne. Masu tallafa wa ƙungiyoyin taimakon kai da kai na yankinmu suka kawo shi daga Gusau, ni na yi musu tafinta. Sharaɗinsu shi ne riba ta tafi ga marayu, kuma a niƙa wa kowa. Matan suka yi dariya, don ba su san akwai wata hanyar ba. Suka ɗauki ƙanena, wanda ya yi kanikanci a Ƙaura Namoda, ya riƙa tayar musu da shi.

Wata rana da hantsi ina zaune a rumfar injin sai ga 'yan banga. Babbansu ɗan maƙwabcinmu ne, a gabana aka raɗa masa suna. Ya nuna wasu ƙore masu zane, irin na matan ruga.

"Kawu, waɗanga na wa ne?"

"Na masu su," in ji ƙanena.

"'Yan daji kake ciyarwa ke nan."

Ya sa gindin bindiga ya farfasa su ɗaya bayan ɗaya, gero ya watse a ƙasa. Wata tsohuwa Bafillatana, mai kawo mana nono tun muna samari, ta durƙusa tana tattara nata. Suka rufe ta da gora har hannunta ya karye, na ji ƙarar ƙashin daga inda nake. Ƙanena ya shiga tsakani, suka buga masa bindiga a baki, haƙoransa na gaba suka zube cikin garin dawa. Kafin su tafi suka ce daga yau ya riƙa tambaya, duk ƙwaryar ruga ya mayar da ita.

Da yamma ina gasa masa baki na ce, "Ka biyo ni Ƙaura, akwai ɗaki a gidana."

"Yaya, in na tafi wa zai tayar musu da shi? Marayu su ci me?"

"To ka riƙa tambayar, ka tsira da ranka."

Ya yi dariya, jini na biyo gemunsa. "Kai da ka zaga duniya, a ina ka ga gero yana Fillanci?"

Ƙore masu zane suka daina zuwa. Amma layin bai ragu ba. Matan gari ne suka riƙa ara wa matan ruga kwanoninsu, a kawo hatsin ta bayan gida. Ƙanena ya sani, don hannunsa ya san geron kowace gona. Ya ci gaba da niƙa.

Labarin da ya isa daji kuwa shi ne an karya tsohuwa a wurin inji. 'Yan dajin ma ba su tambayi wa ya karya ta ba. Suka zo bayan azahar a kan babura. Duk gari ya ji su, kowa ya gudu cikin dawa, ni ma na gudu. Ƙanena kaɗai bai ji ba, ƙarar injin ta cika masa kunne, kuma ya ba ƙofa baya. Ta baya suka harbe shi. Daga cikin gona na ji injin yana ta juyawa babu hatsi, yana kuka, har suka zuba masa mansa suka kunna wuta.

Da muka fito mun same shi kife a kan buhu, rabin rigarsa ta ƙone. Muka kai shi kafin magariba.

Masu tallafin sun bugo waya, sun yi ta'aziyya, sun ce za su iya kawo wani injin, amma a cikin garin Zurmi, inda akwai sojoji. Shugabar matan ta ce ta gode, sai dai marayunta ba a Zurmi suke ba.

Kwanonin ranar suna nan a layi bakin rumfar, baƙi ƙirin, har damina ta wuce. Babu wadda ta zo ɗaukar nata, don 'yan banga suna kallo, kuma za su tambayi hatsin wa ke ciki. Ni na kwashe su na kai ɗakinsa.