Ceɗiyar Yaya da Ragowar Ruwan Buta

Shekarar da soja suka koma bariki, aiki ya ɗauke yayana zuwa Abuja. Mota ta cika da kaya, aka rasa inda za a sa ceɗiyarsa, sai ya miƙo mani ita amana. Ni kuwa a gidanmu na unguwar Gobarau an san ni, ko tukunya aka bar mani sai ta kama.

Ceɗiya ce sosai, irin wadda ake zama gindinta, amma an yi ta datse ta tun tana ƙarama har ta tsufa ba ta kai kamu biyu ba. Bonsai yake ce mata. Cikin wani ɗan kasko take, bakin tagar falo, kusa da inda muke aje butoci. Ya ce kada in ba ta ruwa sai na tsoma yatsa na ji ƙasar ta bushe. Inna, mahaifiyarmu, ta ce ita dai ba ta taɓa ganin zalunci irin wannan ba, a hana itace girma.

Ba a jima ba ganye ya fara rawaya, yana zuba. Kullum sai na share. Kafin wata ya ƙare ceɗiya ta koma tsinke. Wallahi hankalina ya tashi, don Yaya zai zo Salla, kuma na riga na ji irin dariyar da za a yi mani. Ni ko sau ɗaya ban shayar da ita ba, don duk sanda na tsoma yatsa ƙasar sharkaf take. Har na fara zargin aljanu.

Ran nan da Azahar na zauna falo ina tsintar shinkafa. Baba ya shigo daga alwala, ya juye ragowar butarsa cikin kasko. Matar kawuna ta zo ta juye tata. Inna ta zo, ita har da addu'a. Ashe haka ake yi kowace salla! A gidanmu ba a zubar da ragowar ruwan alwala a banza, shuka ake ba don lada, kuma duk gidan siminti ne, shukar ke nan guda.

Na zare ta daga kasko, na yanke saiwoyin da suka ruɓe, na sake ƙasa. Na kankare ɓawo da farce, na ga kore, na ce alhamdu lillahi. Sannan na kafa doka, na kwashe butoci zuwa bakin rijiya. Baba ya yi dariya ya ce mulkin soja ya dawo ta falo. Inna kuwa ta kwana biyu tana amsa gaisuwata a taƙaice.

Ana saura kaɗan Salla na ga wasu 'yan tsiro kamar ƙwayar gero. Na fita kiran mutane, na dawo na iske Inna duƙe gabanta da buta. Yatsa ɗaya ta tsoma, ta ɗiga.

"Inna, ai mun yi magana."

Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Ɗigo guda ne. Shi yayanki ban san ko yana cin abinci can ba, ki bar ni in ba wannan."

Na bar ta. Da Yaya ya zo ya ƙirga sabon ganye, ya yaba mani, ya ɗauko kwali zai tafi da abarsa. Na ce amana dai na riƙe, amma ceɗiya ba inda za ta.