Surukata da gidan gwara

Shekarun baya, lokacin muna zaune a unguwar Barking ta London, na taɓa ƙera wa tsuntsaye gida, kuma saura kiris in hallaka duk wanda ya shiga cikinsa. Abin kunyar shi ne, iska ce sana'ata. Na'urorin sanyaya ɗaki da bututun da ke kai iska cikin manyan ofisoshi a wajen Charing Cross, su nake dubawa kullum.

Matata ce ke da cikin 'yarmu ta fari, likitoci suka ce ta kwanta ta huta har ta sauka. Tagar ɗakinmu tana kallon ɗan lambun da ke baya, babu abin gani sai ciyawa da katangar katako. Amma akwai gwara da ke taruwa a shingen maƙwabta, tana son jin hayaniyarsu. Sai na ce bari in jawo mata su kusa.

Na sayo katako na ƙera akwati mai ɗaki uku a jere, tunda gwara ba sa son zaman kaɗaici. Na shafa masa baƙin fenti mai sheƙi. Na bi kowace kafa da gam na toshe saboda ruwan saman London. A ƙarƙashin kowace ƙofa na kafa ɗan tsinken katako don su riƙa sauka. Sannan na ɗora shi a kan doguwar sanda a jikin katanga, na juya fuskarsa zuwa tagarmu, inda rana ke dukansa tun hantsi har la'asar. Na ja da baya na dube shi, na yaba wa kaina sosai. Ba a yi wata biyu ba ɗakunan uku suka cika.

Da haihuwa ta matso, surukata ta zo daga Zariya don jego. To, wanda ya san gidajen Barking ya san matakala ɗaya ce, kicin ɗaya, kuma mutum biyu ba sa wuce juna a ciki ba tare da kafaɗa ta gogi kafaɗa ba. A nan muka yi surukutarmu. In zan sauko sai na yi gyaran murya. In na shiga kicin sai ta ja mayafi ta fita. Gaisuwa kawai ke haɗa mu, ina durƙushe, tana kallon bango. Duk abin da take so ta faɗa mini, ta bakin 'yarta yake biyowa, ko da ina tsaye a wajen.

Na lura tana yawan tsayuwa a tagar kicin tana kallon lambu, wani lokaci har shayinta ya huce. Na ɗauka kewar gida ce.

Bayan haihuwa matata ba ta koma daidai ba. Sai ta zauna tana hawaye, in ka tambaye ta ta ce ita ma ba ta san dalili ba. Ma'aikaciyar lafiya da ke zuwa duba ta ta ce mu riƙa lura da ita sosai. Abu ɗaya da ke ɗauke mata hankali shi ne tsuntsayen nan. Tana shayarwa tana kallon iyayen suna kai da kawowa da abinci a baki.

Sai aka shiga wani mako na zafi, irin wanda tube, jirgin ƙarƙashin ƙasa, ke zama kamar tanderu. Ranar Asabar da azahar na ji ta ƙwalla kirana. Na leƙa ta taga: 'ya'yan gwara uku a ƙasa, ko gashi ba su gama yi ba, zafi ya koro su sun faɗo. Magen maƙwabta kuma tana tafiya a kan katanga da na huɗu a baki.

"Ka cire gidan nan," in ji matata. "Ka cire shi yanzu. Ba na son in sake ganinsa."

Na ɗauki guduma na nufi lambu, ta biyo ni har ƙofar kicin. A nan muka tarar da surukata.

"Ke," ta ce wa 'yarta, "gaya wa mai gidanki ya ajiye gudumar nan. Akwai masu rai a ɗakin ƙarshe. Uwarsu ba ta daina shiga ba."

Matata ta juyo. "Ka ji."

"Ki ce wa Hajiya na ji."

"Ki tambaye shi, shi zai iya wuni a ɗakin langa-langa, baƙi, babu taga, a tsakiyar bazara?"

Wannan karon matata ba ta maimaita ba, ni ma ban nemi a maimaita ba. Na ce to bari in ɗauko injin huji in buɗe wa iska hanya. Surukata ta girgiza kai. Ta ce in aka yi musu ƙara yanzu uwar za ta gudu ta bar su. Inuwa tukuna.

Ta hau sama ta ɗauko babban faifanta da ta taho da shi daga gida. Ta ce a ɗora shi a kan rufin, amma kada ya kwanta a jikinsa, a sa guntayen katako a tsakani, tazarar yatsa huɗu, yadda iska za ta riƙa ratsawa. Na jingina tsani na hau, ita kuma ta zo ta riƙe ƙafarsa ba tare da kowa ya ce mata ba.

Ina sama ina ɗaurin faifai jaririya ta fashe da kuka, matata ta ruga ciki. Muka rage mu biyu, babu mai isar da saƙo. Na ci gaba da ɗauri ina zufa, na san ya karkace amma na rasa ta ina. Can sai na ji murya daga ƙasa, a hankali:

"Ɗan nan, ɗaga gefen hagu kaɗan."

Saura kaɗan in faɗo. Tun da na auri 'yarta ba ta taɓa yi mini magana kai tsaye ba in ba amsa gaisuwa ba. Na ce, "To, Hajiya."

"Yauwa. Yanzu zare tsinkayen nan na bakin ƙofa, a hankali."

"Ai nan suke sauka, Hajiya."

"Gwara ba ta buƙatarsu, da farce take kama bakin rami. Wannan mai kama da hankaka, mai fari da baƙi, shi ka yi wa wurin tsayuwa. Sau uku ina ganinsa ya tsaya a kai yana zura kai ciki."

Ashe abin da take kallo ke nan ta taga.

Kafin la'asar ta sa na tsaga bokitin roba ta gefe, na kifa shi a jikin sandar, ta yadda duk abin da ya hawo daga ƙasa zai ci karo da shi ya zame. Ta sa na yanko rassan fure masu ƙaya na ɗaure a kan katangar, daidai inda mage ke tsayawa ta yi tsalle. Muka koma kicin muka tsaya, ita a wannan gefen taga, ni a wancan. Ba a jima ba uwar ta sauka a kan faifan, ta karkata kai ta dube shi, ta shige.

Wasu huɗu ne a ɗakin ƙarshen, kuma duk sun rayu. Ranar da suka fara fita, na ƙarshensu ya daɗe a bakin ƙofa yana leƙe yana komawa, har sai da 'yan'uwansa suka gaji suka tafi. Matata ta yi dariya har da riƙe ciki. Rabon da in ji wannan dariyar tun kafin haihuwa. Ba zan ce tsuntsaye ne suka warkar da ita ba, an sha magani, an ga likita, an ɗauki lokaci. Amma daga ranar na fara ganin alamar matata tana dawowa.

Da gidan ya zama babu kowa, muka sauke shi muka yi masa gyara na gaske. Surukata tana zaune a kujera, ni ina tsugune da kayan aiki. Ta sa na huda ƙananan ramuka a ƙarƙashin rufi, gefe da gefe suna kallon juna. "In ba ta ga ta inda za ta fita ba, ba za ta shigo ba," in ji ta, tana nufin iska. Darasin da aka fara koya mana ke nan a jami'a, na kuma ci jarrabawarsa. Na huda ƙasan don ruwa ya tsiyaye, na mayar da fentin fari, na zagaye kowace ƙofa da fallen ƙarfe don kada kurege ya gwaguye ta. Muka matsar da sandar nesa da katanga, muka juya ƙofofin inda rana ba ta dukansu sai da sassafe.

Matata ta ce, "Mama, ai yanzu ba zan riƙa ganin ƙofar ba."

"Gidansu ne ko naki?"

Amma sai ta sa na kafa busasshen reshe 'yan taku kaɗan daga gidan, daidai saitin tagar ɗakinmu. Ta ce tsuntsu yana son inda zai fara sauka ya duba hanya kafin ya shiga wajen 'ya'yansa. A nan suka koma taruwa, matata tana ganinsu fiye da da. A wajen aikin nan ne na ji cewa surukata ta shekara talatin tana kiwon tantabaru a tsofaffin tukwane. Kafin ta koma gida, ɗaki biyu sun sake cika.

Mako guda da komawarta, yayan matata ya kira ni daga Zariya. "Ashe kai kafinta ne ba mu sani ba? Hajiya ta ce ka gina wa tsuntsaye gida mai kyau, har da tagogi." Na jira in ji sauran labarin, na baƙin fenti da mage. Babu. Iyakar abin da ta faɗa musu ke nan.

Har yau in na tuna, ba iliminta ne ya fi tsaya mini a rai ba, duk da ya isa a jinjina masa. Tun makon farko ta ga duk kuskuren da na yi, ta yi shiru don kada ta kunyata ni a gidana. Da ta ga rai zai salwanta, ta ajiye kunyar ta yi magana. Da aka gama kuma, ta bar mini yabon ta tafi. Na yi aiki da ƙwararru da yawa a garin nan, ban taɓa haɗuwa da wanda ya iya gyara mutum haka ba. Shi ya sa duk inda zancen ya taso nake ba da labarin da kaina, tun daga baƙin fentin, domin na san ita ba za ta taɓa bayarwa ba.