Illiassou Isufu, Mutumin da Ya Ƙi Raba "Za Mu Gani" Biyu

An haifi Malam Illiassou a shekarar 1968 a garin Tawa, cikin Jamhuriyar Nijar. Mahaifinsa, Malam Isufu, ma'aikacin gidan waya ne, mahaifiyarsa kuwa Hajiya Tsahara.

Karatu da aure

Bayan ya kammala lise, wato babbar sakandare, a Yamai, ya sami gurbin karatun ƙididdiga a jami'a a birnin Lyon na ƙasar Faransa. A shekarar 1998 ya auri Mariam, malamar jinya, 'yar asalin Maradi. Ita ce takan ce mijinta ko gishirin miya aka tambaye shi, sai ya nemi a ba shi kwana biyu ya yi bincike.

Aiki a Paris

A shekarar 2001 wani kamfanin jin ra'ayin masu zaɓe ya ɗauke shi aiki, iyalin suka koma unguwar Stains da ke bayan garin Paris. Shekara goma sha uku ya yi yana fassara alƙaluma, ba a taɓa kama shi da son kai ba.

Zaɓen majalisar dattawa na 2014

A Faransa ba jama'ar gari ke zaɓen sanata ba, magadan gari ne da wakilan kansiloli. Wata 'yar takara a yankin Lyon, Madam Madeleine Varnet, ta nemi kamfanin ya auna mata matsayinta. Aka buga wa wakilai ɗari huɗu waya, casa'in daga cikinsu, galibi magadan ƙananan ƙauyuka, suka ce "za mu gani". Shugaban sashen, Guillaume, ya raba su biyu kamar yadda aka saba, rabi nata, rabi na abokan hamayya, sai lissafi ya nuna za ta yi nasara.

Illiassou ya kwashe kwana uku yana sauraron muryoyin da aka naɗa. Ya lura masu goyon bayanta kan ambaci sunanta, masu cewa "za mu gani" kuwa sai su yaba ƙoƙarinta, su yi godiya, su ajiye waya. Ya ƙi sa hannu a rahoton. Aka ce masa ko hannu ko ƙofa, alhali 'ya'yansa uku suna makaranta kuma shekarunsa arba'in da shida. Da 'yar takarar ta tambaye shi dalili a gaban shugabansa, ya ce: "Madam, dattijon ƙauye ba ya ce wa baƙo a'a. Waɗannan ba shakka suke yi ba, sun ƙi ki ne cikin mutunci."

A makon nan aka sallame shi, aka kuma baza cewa ya shigo da al'adar ƙauyensu cikin ilimi. Wannan magana ta fi korar yi masa ciwo. Ita kuwa Madam Varnet ta ajiye rahoton a gefe, ta bi ƙauyukan ɗaya bayan ɗaya, ta zauna ta ji kokensu, ta sami kujerar da ratar ƙuri'a goma sha ɗaya.

Komawa Lyon

Wata goma sha huɗu ya yi a gida, babu kamfanin da ya amsa takardarsa, albashin Mariam ke riƙe da su. A 2015 sanatar ta nemo shi da kanta, ta ɗauke shi mai ba ta shawara, iyalin suka koma Lyon. Har ƙarshen rayuwarsa bai daina gode wa Allah da waɗannan mata biyu ba, sai dai ya ci gaba da jiran tsohon kamfaninsa ya wanke sunansa.

Jinya da rasuwa

A farkon 2019 ciwon hanta ya kwantar da shi. Ya rasu ranar Talata, 12 ga Maris, yana da shekara hamsin, aka yi masa sutura a ɓangaren Musulmi na wata maƙabarta a wajen Lyon. Cikin masu ta'aziyya har da Guillaume, wanda ya tsaya gaban Mariam da jama'a ya ce tun 2014 ya san mijinta ne mai gaskiya, kunya ce ta hana shi faɗa. Mariam ta ce masa da ya zo wata guda kafin nan, da mai maganar ya ji da kunnensa, amma duk da haka ta gode, domin 'ya'yansa sun ji.

Ya bar 'ya'ya uku: Salim, ɗalibin injiniya a Grenoble, Nadia, ɗalibar shari'a a Paris, da Hassoumi, auta. Allah Ya jiƙansa, Ya kyautata makwancinsa.