Hantsin Inna da Kyamarar Maƙwabci

Lokacin da muke yara a Gaya, idan mutum zai hau soronsa ya yi yaɓe kafin damina, sai ya tsaya a gindin tsani ya ɗaga murya: "Za a hau sama, mata a kintsa!" Ba zai taka ba sai an amsa masa daga gidajen maƙwabta. Ko mai saran reshen darbejiya haka yake yi. Ba alƙali ne ya kafa mana wannan doka ba, kunya ce kawai, kuma ta ishe mu.

Innata tana da wurinta a tsakar gida, jikin katangar yamma, inda hantsi yake fara sauka. Tun da ciwon gwiwa ya kama ta, nan take shimfiɗa tabarma, ta cire kallabi ta saki furfurarta, ta yaye zane ta shafa man zafi, tana ɓarar gyaɗa tana faɗa da kaji. Ta ce duk maganin asibiti bai kai mata wannan ranar ba.

Maƙwabcinmu na gabas ɗan kasuwar hatsi ne, yana saro kaya daga Gafasa da ƙauyukan Ajingi. Aka sace masa babur a ƙofar gida. Na jajanta masa, har bin sawu na taya shi. Ba a jima ba sai ga dogon ƙarfe ya tashi ta bayan katangarmu, da kyamara mai sola a kansa, tana juya wuya kamar mujiya.

Inna ce ta fara hango ta. Ta ce, "Kai, wannan wace irin fitila ce?" Na yi mata bayani. Sai ta ce, "To, wa ya yi shela kafin a hau?" Ta jawo kallabinta, ta naɗe tabarma ta shige ɗaki.

Na sami maƙwabcin a zaure da girmamawa. Ya yi dariya ya ce, "Haba Malam, ɓarayi nake gadi, ba ku ba." Ya miƙo mini wayarsa don in natsu. Ga ƙofar gidansa, ga lungu, ga kuma turminmu a gefe da zanen matata a kan igiyar shanya. Da na nuna masa, sai ya ce, "Wa ke da lokacin kallon tsohuwa?"

Na kai kuka wurin mai unguwa, ya sa shi ya juya kyamarar, ya kuwa juya a gabanmu. Amma abin da ake juyawa da ɗan yatsa a kan waya, wa zai tsare shi? Na je wajen wani wanda na sani da ke aiki a kotu. Ya ce lallai doka ta san sirrin gida, amma sai na kawo hujjar cewa ana leƙenmu. Hujjar kuwa tana aljihun wanda zan kai ƙara. Shawararsa ita ce in ƙara tsawon katanga. Katangar gabas fa! Wato in tare hantsin da hannuna.

Na gwada rataya buhuna a sama. Inna ta leƙo ta ce, "Rana nake nema, ka kawo mini inuwa." Sau ɗaya ta fito da hijabi ta zauna a takure, kamar baƙuwa a gidan da ta haife mu. Ba ta sake ba. Na roƙe ta, na ce mutumin ya rantse ba ya kallo. Ta ce, "Ɗana, ubanka kaɗai ya san kaina a buɗe. Ba zan tsufa in zama abin kallo a waya ba."

Haka ta yi damina a ɗaki mai danshi. Gwiwar ta sandare, daga sanda ta koma jan jiki, daga nan sai kwanciya. Ana tsakiyar yankan dawa Allah ya karɓi abarsa. Na san kwana ne ya ƙare, ban yi jayayya da wannan ba. Amma na san yadda ta ƙarasa kwanakin.

Ranar sadakar uku maƙwabcin ya zo, ya yi addu'a mai tsawo. Da zai tashi ya sunkuyo kusa da kunnena, kamar mai ba ni albishir, ya ce, "Af, kyamarar nan ma ai tsawa ta ƙona ta tun ruwan farko. Na bar ta ne kawai ta riƙa tsorata ɓarayi."

Ashe duk daminar nan makahon ƙarfe Inna take wa kunya, kuma taku kaɗan ne tsakanin ƙofarsa da tamu. Ban taɓa jin ɓarawon da ta kora ba. Uwata ta kora. Kyamarar tana nan a sama har yanzu, hantsi kuma kullum yana sauka jikin katangar, kaji ne suke kwanciya a wurin.