Saƙar da Malam ya hana a yanke

Mijina masaƙi ne, Allah Ya jiƙansa. A wani ƙauye muke kusa da rafin Watari, tun Nasara bai zo ba. Da damina noma, da rani saƙa, ni ke kaɗa masa zare. A lokacin zane ɗaya gare ni, ya sha faci har ya gaji, shi kuwa ya yi mini alkawari farin da ke kan masaƙa nawa ne.

Ranar da ya kamata ya yanke, sai na tarar ya ƙulla sabon zare a bakin tsohon.

Na ce, "Malam, lafiya?"

Ya ce, "Wani tunani ne ya zo mini. In ban yanke ba, ina ƙarshen saƙar nan yake?"

Na ce, "A ƙuguna."

Ko murmushi bai yi ba. Wai so yake ya gani ko duniya ma haka take, ana ta ƙulla mata ne kawai, ba ta da bakin tsayawa. Har da tambayata wai a ina tunanin nan yake zaune kafin ya shigo kansa. Na ce ko ma ina ne, da ma ya yi zamansa can.

Shekara ta bi shekara. Naɗin saƙar ya kai girman turmi, ya wuce, sai da muka kori awaki daga ɗakinsu muka saka shi. Fatake suka taya, ya ce ba a sayar da rabin tambaya. Ni kuma, don sakarci, ina mita ina kaɗa masa. Biki ko suna, sai na ari zanen maƙwabciya. Haushi kamar ya kashe ni. Sau da yawa in ya tafi gona nakan ɗauko wuƙa, sai in tuna yadda yake shafa naɗin nan da yamma, in mayar.

Wata kaka zazzaɓi ya kwantar da shi, bai tashi ba. Liman ya ce a kawo likkafani, ga fari cike da ɗaki. Ƙaninsa ya ce a binne shi da naɗin dungurungum, aka ce masa kabari ba rumbu ba ne. Maza suka tsaya cirko-cirko, kowa na jin nauyin mamaci. Ƙarshe ni aka miƙo wa wuƙar.

Abin da na yi shekaru ina roƙo ke nan, amma sai ga ni ina kuka wiwi. Na yanko abin da zai ishe shi, aka ɗinka.

Sauran yana nan a ɗaki. Jikokina sun gaji da ce mini in yanki zane. Na kasa.